Kachalla a Magudanarmu

Litinin, 8 ga Janairu
'Yata Ummulkhairi ta sauka lafiya. Mace. Na zama kaka, alhamdu lillahi. Sai leƙa ɗakin nake yi har mata suka kore ni. Na ce to, su dai kula min da amaryata.

Talata, 9 ga Janairu
Murna ba ta kwana biyu ba. An taru a gindin mangwaro, aka ɗora min shugabancin masu noman rani na magudanarmu, wai ni na yi makarantar yamma da girmana, zan iya magana da mutanen ofis. Ciyawar kachalla ta toshe magudanar, ruwan Tiga ba ya isa gonakin ƙasa, alkamarsu ta fara bushewa. Ofis sun ce bana babu injin yasa. Ni kuwa ba ni da komai sai adda.

Alhamis, 11 ga Janairu
Na sa mai shela ya kira gayya. Mutanen ƙasa kaɗai suka zo. Na sama, da ruwa ke fara shiga gonakinsu, ko ɗaya. An ce Alhaji Shitu, wanda duk na sama ke bin bakinsa, ya ce shi ba akuya ba ce da za a nemo da shela. Gaskiyarsa. Babba gida ake zuwa masa. Na sani. Tsoron zaurensa ne ya sa na fake da mai shela.

Imran, da gonarsa ke can ƙarshe, ya rantse zai fasa bakin ruwan Alhaji. In ya yi, jini zai zuba, kuma ni za a nema.

Asabar, 13 ga Janairu
Na je. Na durƙusa na gaishe shi. Goron suna kawai na miƙa. "Shi ke nan abin da ya kawo ka, Mu'azu?" Na ce shi ke nan.

Lahadi, 14 ga Janairu
Ko kunu ya ƙi shiga.

Litinin, 15 ga Janairu
An raɗa wa jaririyar suna A'isha. Da aka shafa fatiha, ga na sama ga na ƙasa a tabarma ɗaya, ga Alhaji. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce wainar suna da tuwo suna bakin magudana, can za a ci. Gayya sai da abinci, ni kuma shi ke nan abin da nake da shi. Uwargida har yanzu ba ta yi min magana ba.

Alhaji ya ce, "Da wainar jaririya za ka sa mu aiki?" Aka yi dariya. Na ɗauki adda na shiga ruwan, sanyi har ƙashi. Na ƙi waiwayawa, kar in ga ni kaɗai ne. Can na ji tsundum a bayana, 'ya'yan Alhaji ne. Shi kuma ya zauna a gaɓa yana nuna inda za a sara, kamar shi ya kira gayyar. Na bar masa.

Alhamis, 18 ga Janairu
Ruwa ya isa gonar Imran. Yau ranar ban ruwan mutanen ƙasa ce, amma na tarar da bakin ruwan gonar Alhaji a buɗe. Na rufe, na wuce zaurensa.

"Kai ka rufe?"

Na ce ni ne, ranka ya daɗe, jibi kuma ni zan buɗe.

Sai ya ce a kawo min fura. Na shanye, hannuna bai yi rawa ba. Ina jin nauyin kwanon ne ya hana shi.