Kwamfutar da Baffa Ya Kulle

Badafi, Ƙiru.

Zuwa ga ƙanwata Fa'iza,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Kano? Ya ƙarin haƙurinmu? Ni da abin da ke cikina muna nan lafiya, takaba kuma ana ta yi.

Na'urar ban-ruwan da yayanki ya haɗa a gonar albasa ta tsaya. Muhuyi, wanda ke kula da gonar, ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta ƙone. Ya sayo wata a Sabon Gari, ba irin tsohuwar ba, don wai an daina kawo waccan. Ya sa ta, shiru kake ji. Famfon kuwa ba ya tashi sai da umarninta, haka marigayi ya tsara don kada wutar sola ta ƙona shi. Yanzu da jarka Muhuyi ke bi kunya kunya, kuma albasa ta fara kwanciya. Kin san ita ce abincinmu na bana.

Ga sabuwar ƙwaƙwalwar nan na ba direban Kafin Maiyaki. Kullum yayanki cewa yake kin fi shi iya wannan aiki, to yau ga ranarki.

Ki gaida mutanen gida.
Luba.

Kano.

Anti Luba,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya raba lafiya.

Bari in yi miki bayani a gajarce. Ƙwaƙwalwar da aka sayo fanko ce, sai an zuba mata manhaja. Manhajar da Yaya Hafizu ya rubuta tana wurina, amma rubutu ne na mutane, sai an juya shi zuwa abin da ƙwaƙwalwar ke ganewa. Ita ƙarama ce, ba ta iya wannan juyin da kanta. A kwamfuta ake haɗa mata, kamar tuwon da ake tuƙawa a gida a kai wa masu aiki gona.

Na gyara rubutun ya dace da sabuwar, amma ya ƙi haɗuwa a kwamfutata. Yaya da tsofaffin kayan haɗi yake aiki, wato manhajojin da ke yin wannan juyin, kuma ya yi musu kwaskwarima da hannunsa a ɓangaren da ke tada famfo, bai ajiye ko'ina ba sai a tasa kwamfutar. Halinsa ke nan, Allah ya jiƙansa. Ki ba direba ita gobe, jibi ruwa ya zuba.

Taki,
Fa'iza.

Badafi.

Fa'iza,

Bayan gaisuwa. Kwamfuta ba za ta zo ba. Tun ranar sadakar uku Baffa ya tattara kayan marigayi ya kulle a akwatin ƙarfe, akwatin yana ɗakina, makullin yana aljihunsa. Ya ce ba za a raba gado ba sai na sauka an ga mace ce ko namiji, kuma kafin nan ko allura ba ta fita daga gidan nan. Na aika masa da wasiƙarki. Ya saurara har ƙarshe, ya ce kayan maraya ba sa hawa mota.

Na san yanzu kin fara cika kina batsewa. Ki sassauta. Shi ma daga Rahma aka taso su yana yaro, lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu, kuma ya ga kayan da suka hau mota ba su sauka ba. Ban ga laifinsa ba, sai dai albasa ba ta san da wannan ba. Muhuyi ya ce kunyoyin gabas sun tafi.

Ki nemo wata dabarar.
Luba.

Kano.

Anti Luba,

Gaisuwa mai yawa. Na yi fushin, na gama. Albasar ma ai ta marayan ce, ki sa a tuna wa Baffa.

Tunda kwamfuta ba ta fita, ke za ki yi aikin. Ga filashi, rubutun da na gyara yana ciki, ga kuma ƙwaƙwalwar da wayar haɗa ta da kwamfuta. Ki roƙi Baffa ya buɗe akwati ya zauna yana kallo. Ki kunna, ki buɗe baƙin allon nan da kika saba ganin Yaya yana rubutu a ciki, ki kwafi layukan da na rubuta a bayan takardar nan, harafi da harafi. Layi na biyu shi ke gaya wa kwamfutar cewa ba don kanta take haɗawa ba, don ƙaramar ƙwaƙwalwa ce. Rubutu zai yi ta gudu, kada ki taɓa komai sai ya tsaya. Layi na ƙarshe zai kwafo min kayan haɗin Yaya cikin filashin.

Fa'iza.

Badafi.

Fa'iza,

Sallama da fatan alheri. Baffa ya tuntuɓi liman, aka ce babu laifi muddin a gabansa ne. Ya zo bayan la'asar ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa, carbi a hannu, ido a kaina kamar zan haɗiye ta.

Ranar farko na tsallake layi na biyu, don ya yi kama da na farko na ɗauka maimaici ne. Komai ya tafi sumul, har na yi murna. Muhuyi ya kai ƙwaƙwalwar gona ya dawo ya ce ko ƙyaftawa fitilarta ba ta yi ba. Ashe kwamfutar wa kanta ta tuƙa tuwon. Washegari na bi a hankali, yanzu ya tafi da ita, ina jiran labari.

Abu ɗaya ba ki gaya min ba. Da rubutun ya fara gudu sai fankar cikin kwamfutar ta tashi da wannan ƙarar. Ita nake ji kullum ina tankaɗe a tsakar gida, shi yana ciki yana faɗa da allo. Na manta da ita sam. Ban yi kuka ba, amma na ji kewarsa fiye da ranar da aka fita da shi. Baffa ya tambaya ko ta lalace ne, na ce a'a, haka take yi.

Ga filashinki.
Luba.

Kano.

Anti Luba,

Filashi ya iso. Na dasa kayan haɗin Yaya a kwamfutata, na rubuta yadda ake yi, na gwada a ta ofis ma ta haɗu. Daga yau ko'ina ana iya haɗawa. Ki ce wa Baffa ya kulle akwatinsa, an gama da ita. Ya labarin ruwa?

Fa'iza.

Badafi.

Fa'iza,

Bayan gaisuwa. Famfo ya tashi. Kunyoyin gabas sun riga sun tafi, sauran sun miƙe, Muhuyi ya ce za mu ci. Allah ya yi miki albarka.

Saƙonki na Baffa kuwa ban isar ba tukuna. Gobe ma bayan la'asar zai zo da makulli, in kunna in ji fankar. Idan kun yi waya, kada ki ce masa komai.

Taki,
Luba.