Ba Ido Ba Ne, Inna

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ban girma daga 'yarki da ke aure a Aujara. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina da rai ma ba kya karatu. Ni kika tura gaban Baba da allo, kika ce hannuna na alƙalami ne, ba na muciya ba. To, ga alƙalamin, yau ke zan rubuta wa.

Labarin gida ba daɗi. Yaya Hajara da mijinta sun bi masu gudun Nasara zuwa gabas, har yau ko saƙon baki babu. Mijina kuwa dogarai ne suka ɗebe su shi da wasu ɗaukar kayan Nasara zuwa Kano, ya dawo da tarin da ya ƙi barinsa. Dabinon bayan gidanmu na Dutse ya yi 'ya'ya, Baba ya aiko mini, ban iya ci ba.

Ɗanlami ya rasu, Inna. Jikanki, wanda kike wa tsiya kina ce masa angonki.

Bayan rasuwarki na kwanta zazzaɓi, na tashi nono ya ƙafe, shi kuwa ko rarrafe bai fara ba. Na dama masa kunu mai kauri, ya kasa haɗiya. Na ƙara ruwa, ya sha cikinsa ya yi tim, ƙafafunsa suna ta ramewa, don ruwa kawai yake sha. Sai na tuna kununki na tsiro. Marayu nawa kika raya da shi a Dutse? Ki jiƙa gero ya tsira, ki shanya, ki niƙa, ki barbaɗa kaɗan a kunu mai kauri, sai ya tsinke ya yi zaƙi ba tare da an ƙara ruwa ba, jariri ya sha ya ƙoshi. Wannan duk na gani da idona. Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba, lokacin da kike barbaɗawar. Da kin sauke tukunya sai ki shige ɗaki da ita, ki saki asabari, ki kore mu, sai dai mu jiyo ki kina ta tofi. Kika ce tsiro ba ya son ido, in aka kalle shi ba ya ci.

Na yarda da ke. Wa zan yarda da shi in ba ke ba? Na tsirar da ɗan geron da ya rage mana, na kori kowa, har uwar mijina, ta yi fushi ta daina amsa gaisuwata. Ina sauke tukunya tana tafarfasa, na zuba tsiron da sauri kafin wani ya leƙo. Kunu ya tsaya ƙiƙam. Na ce ido ne. Washegari na toshe har ramin ɓera, na rufe nawa idon, na tofa duk addu'ar da Baba ya koya mini. Bai tsinke ba. Na fara zargin maƙwabciyata Ladi, baiwar Allah da ke ɗebo mini ruwa. Ina neman mai mugun ido, yarona yana ƙarewa a bayana.

Ranar da aka kai shi, aka ce ɗan fari ne, kada in yi kuka a gaban mutane. Ban yi ba. Amma da aka share makoki, baƙin ciki ya hana ni zama. Na dama kunu, na jera ƙoƙuna a tsakar gida da rana tsaka, na kira Ladi da uwar mijina na ce su zuba ido iya son ransu, ai babu sauran abin da ido zai ci mini. Tsiro ɗaya, awo ɗaya. Ƙoƙon farko na zuba yana tafasa. Na biyu na bari ya huce har yatsana ya iya zama a ciki. Na uku na ajiye gindin randa ya yi sanyi ƙalau. Na ƙarshe na sa masa ruwan tsamiya.

Mai tafasar bai motsa ba. Mai tsamiyar ma haka. Mai sanyin sai can da la'asar ya ɗan saki. Na biyun kuwa, muna tsaye mu uku a kansa muna kallo, ya tsinke, ya yi zaƙi, irin naki sak. Na maimaita washegari, na sake maimaitawa. Bai taɓa saɓawa ba.

Ba ido ba ne, Inna. Zafi ne. Wuta ce ke kashe ƙarfin tsiron. Shigarki ɗaki, da sakin asabari, da korar yara, da dogon tofinki, su ne suke ba kunun lokacin hucewa. Shi ke nan sirrin. Shi ke nan abin da ya tsaya tsakanin Ɗanlami da rayuwa, ɗan jiran da bai kai a yi alwala ba.

Abin da ke cina shi ne ban san wanne ba ne. Ke ma ba ki sani ba, haka kika gada kika riƙe? Ko kin sani sarai, kika ɓoye don matan Dutse su yi ta zuwa ƙofarki suna durƙusawa? Na tuna yadda kike tsoma ɗan yatsa a tukunya kafin ki saki asabarin. Me kike aunawa? Ni 'yarki ce. Ko sau ɗaya ba za ki ce in shigo in zauna ba?

Na san kwana ne ya ƙare, Baba ya faɗa mini, na kuma karanta da kaina. Ban ja da ikon Allah ba. Da ke nake.

Yanzu a tsakar gida nake yinsa, duk mai so ta zo ta gani. Matan Aujara sun iya, har 'yar Ladi da ta haifi tagwaye tana ba su, sun yi ɓul-ɓul. In na gan su ina murna, in koma ɗaki ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa.

Ranar jana'izarki liman ya ce duk mai haƙƙi a kanki ya yafe, na ce na yafe, don a ranar ba ki riƙe mini komai ba. Yanzu kin riƙe. Duk sallah ina roƙa miki gafarar Allah, da zuciya ɗaya, Allah ya haskaka kabarinki. Tawa gafarar ce har yanzu na kasa ba ki.

Sai na zo.

'Yarki Rakiya, uwar Ɗanlami