Wace Abujar?

Lugbe, Janairu 1992

Ƙawata Christina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Mama da mutanen unguwarmu Obalende. Mun iso. Kwana biyu muka yi a motar kaya, mu da sauran iyalan ma'aikatar su Baba da aka taso daga Ikko. Ba a ba mu gida a sabon birnin Abuja ba tukuna, muna wani tsohon ƙauye a bakin hanyar filin jirgi. Babu komai sai gonakin doya da jirage. Duk wanda ya sunkuyo zai sauka, sai in kife littafina in bi shi da ido, ina tunanin su wa ke ciki.

Baba ya ce daga Ikko zuwa nan awa ɗaya ce a sama. Ni dai na kasa yarda. Ki tambayar mini wanda ya sani, misali Hadi na gidan sama, tunda babansa a kamfanin jirgi yake. Amma kada ki ce ni ce.

Taki har kullum,
Rahmatu

Obalende

Malama mai kunya,

Gaisuwa. Wai "misali Hadi". Duk shekarun nan kina wuce shi a matakala kanki a ƙasa, yau kuma lissafin jirgi ya dame ki. Littattafan soyayyar nan sun gama da ke.

To, na ce masa ke ce. Ya ce kilomita ɗari biyar da ɗoriya, awa ɗaya da 'yan mintuna. Sai ya ce ina kuke zaune. Ana ba babansa tikitin kyauta sau ɗaya a shekara. Asabar ta ƙarshen wata zai zo a jirgin safe, ya dawo a na yamma. Na gaya masa kuna tsohuwar Abuja.

A gaida Umma.
Christina

Lugbe

Christina,

Ina gaisuwa. Na yi kitso, na zauna gindin mangwaro tun hantsi. Jirgin safe ya sauka a idona. Na ƙirga motoci har na daina. Da yamma na ga wani jirgin ya tashi ya nufi kudu. A littafi, ko ruwa ake yi mutum yana isowa. Ko fasawa ya yi? Ki gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka.

Rahmatu

Obalende

Rahmatu,

Sannu. Ya zo, wallahi. Laifina ne, na manta sunan ƙauyenku, ga shi kuwa a saman wasiƙarki. Ya sauka ya ce wa wani dattijon direba tsohuwar Abuja. Tsohon ya ce ai garinsu ne, ya kai shi Suleja. Ashe ita ce Abuja kafin a ɗauke sunan a ba sabon birni. Can ya wuni yana tambayar gidan babanki, Malam Lawal na ma'aikata, aka nuna masa Lawal mai gyaran keke.

Tikiti ya tafi sai baɗi. Ya ce zai shigo mota, amma ba zai ƙara karɓar kwatance daga bakin 'yar aike ba. Sai mai gida ta rubuto da kanta.

Ƙawarki mai neman afuwa,
Christina

Lugbe, Maris 1992

Zuwa ga Hadi,

Assalamu alaikum. Sunan garin Lugbe. Ka sauka wajen masu doya, gida mai shuɗiyar ƙofa. Idan ka zo, ba lallai in iya magana ba. Amma zan fito.

Ka huta lafiya.
Rahmatu Lawal