Sifikun da Ka Roƙa

Daga Dubai

Ƙanena Mustafa,

Bayan sallama, ya mutanen Kabara, ya Yaya Hauwa da yara, ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau. Dakon kaya ne ya ɗan taɓa min baya, amma da sauƙi.

Na ga saƙonka. Ko arba'in ɗin Inna ba a yi ba, kana neman sifikun kallo masu araha. To, na shiga shago na gwada saiti uku. Na farko waƙa garau, amma a fim magana nutsewa take. Na biyu sai ka ce gwangwani. Na ukun na saya maka, gangarsa har ƙirji take duka. Yana hanya.

Ka ce tsofaffin naka ba su da ƙara. Ban yarda ba. Yaya Hauwa ta ce ranar da Inna ta faɗi a banɗaki, maƙwabta ne suka ji tana kiran sunanka ta katanga, kai kana shagon zaure kana kallo.

Allah ya jiƙanta. Ka ƙure sauti yadda ranka ke so, babu mai kiranka kuma.

Yayanka,
Isiyaku