Kunyar Ɗan Fari Ta Ɗaure Mini Baki

Anti Baraka, don girman Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina. Maganar ɗan farina ce, ki yi haƙuri ba zan iya rubuta sunansa ba, kin san halinmu. Tun da aka yaye shi yake ɗakin kakarsa, Hajiya Kubura, uwar mijina. Gida ɗaya muke a Ƙofar Kaura, amma ni nawa ido ne.

Da ya shiga firamare Hajiya ta ɗauko masa malamin lesin, Malam Nu'uman, ɗan ƙanwarta. Ashe lesin ɗin nan malam ke faɗin amsa yaro na kwafa. Ranar da ya sa kuka ma malam ke karɓar biro ya rubuta da kansa, don Hajiya ba ta son ɓacin ran jikan nan da take kira maigidanta. Makarantar kuwa irin waɗanda ba sa kayar da ɗan kowa ce. Kowane zango ya zo na ɗaya, Hajiya ta yi dambu ta raba wa maƙwabta.

Bana yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Suka sami malamar da ta ce kowa ya fito gaban allo ya yi bayanin abin da ya rubuto. Ya fito ya tsaya ƙiƙam. 'Yan ajin suka laƙa masa suna Na Ɗaya, har a hanya suke binsa da shi. Ƙanwarsa Fadila ta kawo masa lissafin aji huɗu ya taya ta, ya yaga littafin ya kwaɗa mata mari. Yanzu sai ya sa kayan makaranta ya zarce Babbar Kasuwa, rumfar baffansa, yana ɗinke buhunan gero.

Ubansa ya ce ba ya sa baki a renon Hajiya. Ita kuma ta ce malamar ce ta tsane shi, a ƙara masa kwanakin lesin. Ni 'yasu! Abin takaici, ni ma malama ce, 'ya'yan wasu nake koya wa karatu. Amma in na ce zo in ga littafinka, gidan nan kaf za a ce ba ni da ta ido. Wallahi na fara fid da rai, ina kallo zai bar makaranta.

Uwa Mai Kallo, Katsina

'Yar'uwa, ba zan yi miki daɗin baki ba. Bana kam ta wuce shi, mai yiwuwa sai ya maimaita aji, kuma ko ya maimaita ban ce zai kamo tsaransa ba. An makara ƙwarai.

Hajiya ba mugunta ta yi ba, so ne ya yi yawa. Malam Nu'uman kuma tsoronta yake ji. Kada ki tunkare ta da kanki. Ki sami wanda take jin maganarsa ya roƙe ta abu ɗaya: malam ya zauna in yana so, amma hannunsa ya bar biro. Ki je wajen malamar ke kaɗai, ki roƙe ta ta ɗan hutar da shi fita gaban allo, ta riƙa ba shi ɗan aiki ya yi a gabanta, ko kuskure ne ya zama nasa. Baffansa kuma ya daina karɓarsa lokacin makaranta.

Saura mai wuyar. Kunya ado ce, ban raina ta ba, amma ba a yi ta don yaro ya lalace ba. Yaron nan yana ɓoye wa kowa cewa bai iya ba, shi ya sa ya mari Fadila. Ki kira shi ɗakinki, ki saki labule, ki kira sunansa. Bai taɓa jin sa daga bakinki ba. Zai iya ƙin zuwa. Gobe ki sake kira.

Allah ya sassauta miki, ya buɗe masa.