Madubin Rajista da Bokitin Yashi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Alhaji Nasir, mai kamfanin intanet ɗinmu, ya ba ni mako ɗaya in kafa madubin rajista. Wato kwafin babban kundin nan mai nuna wace lambar adireshin intanet ta wane kamfani ce, a injinmu na nan Ƙanƙara, don in layin waje ya yi tangarɗa kada na Faskari da Sabuwa su faɗi. Ya ce in na kasa zai ɗauko wani daga Katsina, ni kuma in koma kanti sayar da data. A gaban kowa ya faɗa. Shekara uku ina jan waya a kamfanin nan!

Talata, 8 ga Oktoba
Tsohon injin nan sai ya yi awa goma sha huɗu kafin ya haɗiye kundin, kuma in ya katse a tsakiya daga farko ake komawa. Na kunna da hantsi, na tafi gida bayan La'asar saboda hanya ba tsaro da dare.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ya mutu. Shida da kwata na yammacin jiya, kamar an yanka. Na duba batir, na duba sola, lafiya lau. Na sake kunnawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Shida da ashirin. Kai, wannan wace irin masifa ce? Nana Khadija ta asibitin Sabuwa ta kira sau uku, wai layinsu na yankewa, sun kasa tura sakamakon gwaji. Na ce mata ana kai. Ana kan me? Ni kaina ban sani ba. Na canza waya, na canza soket, na zagi injin har uwarsa.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Yau na ƙi tafiya, na zauna bayan kabad ina kallon abin. Ana gab da kiran Magariba sai ga Baba Gide maigadi da butarsa, ya shigo, ya yi bismilla, ya danna babban makunnin bango. Ɗif.

Ban san sanda na miƙe ba. Na ce, "Baba, kai ne kake kashe ni kwana uku?" Da ƙarfi na faɗa, har masu shago suka leƙo. Ya ce, "Ɗiyata, ba a barin wuta a ɗaki ba kowa." Na ce wa ya sa ka? Ya ce shagon ƙanensa a kasuwa haka ya ƙone, soket aka bari. Ƙanen yana kwance a ciki.

Na ce dai kar ya sake taɓawa. Haka kawai na ce, na fita.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ban yi barci ba. Amma ai ni ce da gaskiya. Na kunna da rana, na liƙa takardar gargaɗi a makunnin. Sai a kan mashin na tuna Baba ba ya karanta boko. Kuma tun Litinin ban taɓa ce masa ga abin da nake yi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na zo da sassafe. Koriyar fitila na nan. Kundin ya shiga gaba ɗaya, lambar tantance kwafinmu ta yi daidai da ta asali. Alhamdulillahi.

Baba na zaune a ƙofar ɗakin injin kan tabarma, idonsa jawur, ga bokitin yashi a gefensa saboda gobara. Ya ce, "Ban taɓa ba. Na dai tsare shi." Tun Magariba.

Na ce ina kwana.

Litinin, 14 ga Oktoba
Alhaji ya duba, ya ce to madalla, ya wuce. Sabuwa ba su kira ba. Aikina na nan.

Na nuna wa Baba fis ɗin da ke yanke wuta da kansa in abu ya yi zafi, ya sa hannu ya taɓa, ya gyaɗa kai, amma na ga bai yarda ba. Alhaji ya ce a fitar da bokitin nan, yana ɓata ofis. Na ce injin na buƙatarsa. Na ƙara yashi.