Gashin Idon da Ya Ƙi Tashi

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya yara, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, kar ki damu.

Har yanzu ina shagon kwalliya, ina lanƙwasa wa mata gashin ido ya ɗaga sama. Kwanan nan dai aikina ba ya kamawa, kafin sati gashin ya kwanta. Uwar ɗakina ta canza magani, ta canza gam, duk a banza.

Ni na san dalili. Da mace ta kwanta ta rufe ido ta yi shiru, sai in ga kamar gawar Inna ce. Tun maganin bai kama ba nake gogewa, in ce, "Buɗe idonki."

Ki turo min hoton yara. Kuma don Allah, ranar da Inna ta rasu, wa ya rufe mata ido?

Ƙanwarki